Abin da ma'aikaci zai koya daga komawar yara makaranta

Malam, ka tambaya ko ma'aikacin da ya daɗe bai ci gaba ba zai amfana da wani abu daga yaran da ke komawa makaranta a watan Satumba. Babban darasin shi ne yaro ba ya jin kunyar cewa bai gane ba, alhali mu manya mukan yi shiru a ofis don gudun raini. Sannan shekararsu zango uku ce, kowanne da jarrabawarsa, kai ma ka riƙa auna kanka haka. Sai dai kada ka ruga tara takardun shaida barkatai. Kafin ka biya kuɗin kwas, ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta Najeriya (NUC) ko hukumar kula da ilimin fasaha (NBTE) ta amince da shi, kuma ka nemi shawarar wanda ya riga ka a fagen.