Jaka mai ciki: gwajin jini ko kwalbar ƙarin jini?

Wani ɗan'uwa mai sayar da hatsi a Aboabo, nan Kumasi, ya rubuto: "Malam, ina da jaka a gida wajen Bawku, ƙanena ke jan amalanke da ita. Cikinta ya kai wata tara, ya ce kwana biyu ba ta da kuzari. Mai shagon maganin dabbobi ya ce in sayi kwalbar ƙarin jini in aika, wani kuma ya ce a fara gwada jininta. Kuɗin ɗaya kawai gare ni. Wanne zan zaɓa?"

Alhaji, a gwada jinin. Amma tun kafin ka gama karanta wannan, buga wa ƙanenka waya ka tambaye shi: tana cin abinci kuwa? Kada ya ce maka ya gan ta tsaye gaban harawa. Jaki kan sa baki cikin abinci yana motsa leɓe alhali bai haɗiye komai ba. Haƙurin nan da ake yi masa kirari da shi, shi ke ɓoye ciwonsa har lokaci ya ƙure. Doki idan ciki ya murɗa masa sai ya yi ta birgima kowa ya gani, jaki kuwa sunkuyar da kai kawai zai yi.

Abin da nake ji wa jakarka tsoro shi ne kitse ya cika mata jini. Idan jaka mai ciki ko mai shayarwa ta daina ci, ko da na ɗan lokaci ne, jikinta sai ya shiga narkar da kitsen da ya tara yana turawa cikin jini. Hanta ta kasa sarrafa shi, ƙoda ta biyo baya, kuma da yawa ba sa tashi. Mai ƙiba ta fi shiga haɗari. Kwalbar ƙarin jini ba ta da abin da za ta yi wa wannan. Ma'aunin da ke nuna shi sunansa tiraigilisarayid, wato kitsen jini, kuma sai ka ce a auna shi, don ba kowane gwaji ke haɗawa da shi ba. A lafiyayyen jaki ba ya wuce kimanin 2.8 a ma'aunin milimol cikin lita. Idan abin ya yi nisa ma ido na gani: a ajiye kwalbar jinin ta kwanta, ruwan da ya taso sama sai ya fito fari kamar madara maimakon garau.

Ga inda mutane ke asarar kuɗinsu bayan sun biya. Sau da yawa akan ɗora sakamakon jaki kan jadawalin doki, alhali jininsu ba ɗaya ba ne. Jajayen ƙwayoyin jinin jaki ba su kai na doki yawa ba, amma sun fi girma, kitsen jininsa kuma dama ya ɗara na doki. Wanda bai san haka ba sai ya ce lafiyayyiyar jaka ba ta da jini. Don haka ka roƙi likitan ya karanta takardar da ma'aunin jakuna, ya kuma tuna tana da ciki. A haɗa da duba ƙarfin jini, hanta da ƙoda, a kuma duba kashinta. Idan ƙarancin jini ne da gaske, akwai abin da ya jawo shi, ko tsutsar ciki, ko cutar kaska, ko sammore, kuma maganin kowanne daban.

Kada ka ce a ɗebo jinin a ba direban mota ya kawo maka Kumasi don akwai makarantar likitocin dabbobi a jami'ar KNUST. Zafin hanya da jijjiga suna fasa ƙwayoyin jini, sakamakon ya fito ba daidai ba. Ƙanenka ya nemi jami'in dabbobi na gundumarsu. Shi ya san kwalbar da za a zuba jinin, ya sa shi cikin sanyi, ya san ɗakin gwajin da ya fi kusa. Kafin nan a sauke mata amalanke. Jaka na ɗaukar ciki kimanin wata 12, kuma a wata ukun ƙarshe ɗan ke yin yawancin girmansa, wato daidai inda take yanzu. Kai ma ka san yadda fataucin fata ya tsadar da jaki, har shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a hana yanka shi don fata a Fabrairun 2024. Kuɗin gwaji ba ya kusa da kuɗin sayen wata jakar.

Wata Hajiya daga Asawase ta tambaya: "Ina da ragowar abincin kaji da na shanun kiwo. In aika wa jakarmu mai ciki don ta yi ƙiba?"

A'a, Hajiya, bar wa kaji abinsu. Wasu abincin kaji da na shanu ana zuba musu wani magani, monensin, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ke lalata zuciyar doki da jaki, na shanu kuma wani lokaci da yuriya a ciki, irin ta takin zamani. Ƙibar ma ba ita ake nema ba, kin ga abin da na faɗa wa Alhaji. Kara da busasshiyar ciyawa su ne tushen abincinta, a ƙara mata harawar wake ko ta gyaɗa a watannin ƙarshe, sannu a hankali, da ruwa mai tsabta da gishirin lasa. Idan akwai sauran sidi a hannu, a yi mata allurar rigakafin tetanos kamar mako huɗu zuwa shida kafin ta haihu, ɗan zai samu kariyar ta cikin dakashi.