Buri, Niyya da Ƙuduri: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambayoyin da suka iso mana a wannan karon sun taru a kan abin da mutum yake ɗora wa kansa idan sabuwar shekara ta kama, da kuma yadda yakan sake shi tun ba a je ko'ina ba.

Wani malamin firamare daga wani ƙauye kusa da Gumel ya rubuto cewa: "Allah ya gafarta Malam, duk shekara nakan yi niyyar tara kuɗi in sayi ɗan maraƙi in yi kiwo, amma har yau ban saya ba. Wani abokina ya ce mini ba niyya nake yi ba, buri nake ci. Mene ne bambancinsu, kuma ina ƙuduri ya shigo?"

Malam, abokin naka ya san Hausa. Buri shi ne abin da rai yake so yana hangensa daga nesa, kuma ba ya neman komai daga mai shi, shi ya sa ake iya kwana da shi shekara da shekaru, har a ce wane yana da dogon buri. Niyya kuwa daga Larabci muka aro ta, haka ma 'yar'uwarta aniya, kuma ta hanyar karatun addini ta zauna a bakinmu. A ibada niyya ba ta nisa da aiki: mai alwala yana yin ta ne ga buta a gabansa, mai salla yana haɗa ta da kabbarar harama, mai azumi kuma da ita yake kwana. Sai dai a maganar yau da kullum mun sassauta ta ƙwarai, har ta kai ga idan mutum ya ce "ai na yi niyyar zuwa", kowa ya gane cewa bai je ba. Ina ganin wannan sassaucin ne ya ruɗe ka, domin ka riƙi kalma mai nauyi kana kiran abin da ba ka ɗaura masa komai ba.

Ƙuduri ya fi su ƙarfi, kuma asalinsa yana nuna dalili. Ƙudurawa ƙullewa ce, irin yadda tsohuwa take ƙudure kuɗinta a bakin zane don kada su zube a hanyar kasuwa. Daga nan aka samu "ya ƙudura a ransa", aka kuma samu ƙudurin da majalisa take zartarwa. Kada a haɗa shi da ƙudura mai nufin ikon Allah, wadda ita daga Larabci ta zo. To, abin da aka ƙulle yana da iyaka, an san yawansa, an san inda yake. Idan ka ce kana so ka sayi maraƙi, buri ka ci. Idan ka yanke cewa duk ranar da albashi ya shigo za ka cire adadi kaza kafin ka biya bashin mai shago, ka kuma sa ranar Alhamis ɗin da za ka shiga kasuwar Maigatari da kuɗin a aljihu, to a nan ne maganarka ta zama ƙuduri.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce a ƙaramar hukumar Bunkure, mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Ta ce ta ɗaukar wa kanta alkawarin komawa makarantar Islamiyya ta matan aure tun watan cika-ciki, ta yi makonni tana zuwa sannan ta daina, kuma tana so ta san ko karin maganar nan "alkawari kaya ne" ya hau kan wanda ya yi wa kansa alkawari ba tare da kowa ya ji ba.

Malama, ya hau kansa, kuma ki lura da kalmomin da Bahaushe yake haɗawa da alkawari za ki ga haka. Ɗaukarsa ake yi, kamar yadda ake ɗaukar dami, sannan a cika shi ko a saɓa. Kalmar kanta, wadda wasu suke furtawa alkawali, ta samo asali daga kalmar Larabci mai nufin magana, wato abin da baki ya furta. Matsalar alkawarin da mutum ya yi wa kansa ita ce shi ne mai bin bashin, shi ne kuma wanda ake bi, saboda haka yafewa ba ta yi masa wuya. Ke da kike cikin sana'a kin san adashi. Matar da ba ta iya ajiye naira ɗari a ɗakinta har kwana uku tana iya yin zubi wata da watanni ba fashi, saboda akwai uwar adashi da za ta aiko yarinya ranar zubi, akwai kuma sauran mata da suke jiran ranar kwasarsu. Halinta bai canja ba, shaidu ta samu. Shawarata ita ce ki faɗa wa malamarku da bakinki ranakun da za ki riƙa zuwa, ki kuma nemi maƙwabciya ɗaya da za ku riƙa biya wa juna, yadda ranar da ba a gan ki ba za a tambaya.

Kalmar da ta dace da wannan aiki ita ce hisabi. Mun saba jin ta a kan ranar lahira kaɗai, alhali asalinta lissafi ne, kuma an ruwaito daga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi cewa mutane su yi wa kansu hisabi tun kafin a yi musu. Bahaushe ya san wahalar hakan, shi ya sa ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yin hisabi yana buƙatar lokaci sananne, ko da daren Juma'a ne, a zauna a ƙirga abin da aka yi da wanda aka bari, ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba.

Akwai wani abu da ya kamata a kiyaye a nan. Alkawari daban yake da rantsuwa da bakance, kuma na ga masu ɗokin sabuwar shekara suna saurin cewa "wallahi na daina kaza" don su ɗaure kansu. Rantsuwa da sunan Allah idan aka karya ta tana da kaffara, kamar yadda aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta bayyana: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba kuma ya yi azumin kwana uku. Saboda haka kada a mayar da ita abin wasa a baki.

Na uku wani matashi ne daga Kura mai noman rani. Ya ce karin magana biyu suna ruɗa shi, domin an ce "mai nema yana tare da samu", an kuma ce "zafin nema ba ya kawo samu", to wanne zai bi?

Samari, ba su saɓa wa juna ba. Na farko yana magana a kan ɗorewa, na biyu yana jan kunne a kan gaggawa da ɗaukar abin da ya fi ƙarfi, kuma wannan gaggawar ce take kashe yawancin ƙudurorin sabuwar shekara. Wanda bai saba karanta shafi ɗaya ba sai ya ce zai riƙa karanta izifi biyu kullum, kafin mako ya zagayo ya gaji ya ajiye gaba ɗaya. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha ya nuna cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma ma'anar "da yayyafi kogi kan cika" ke nan. Zan ƙara maka da wani karin maganar, wanda ya fi kusa da ku mutanen ƙasar Kano: hangen Dala ba shiga birni ba ne. Matafiyi na dā, mai tafiya a ƙasa ko bisa jaki, yakan hango dutsen Dala tun yana nesa, ransa ya yi sanyi, alhali da sauran tafiya kafin ya kai ganuwa ya shiga ta ƙofa. Ana faɗinsa ga wanda ya ga alamar nasara ya sassauta, kamar wanda shinkafarsa ta yi kore shar ya fara cin bashi a kanta tun ba ta fitar da kai ba.

Ya kuma tambaya wace sabuwar shekarar ce ta fi dacewa da ɗaura ƙuduri, ta Janairu ko ta Muharram. Kowacce da amfaninta. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka Muharram yana zagayawa cikin rani da damina, kuma ya dace da ƙudurin ibada da karatu, musamman da yake akwai Ramadan a gaba da za a auna kai da shi. Janairu yana zuwa ne cikin hunturu, ya fi dacewa da mai albashi da ɗan makaranta. Amma kai manomi ne, kuma lissafinka yana bin gona ne: abin da ya shafi kuɗi ka ƙulla shi da kaka, lokacin da hatsi yake rumbu kuma ka san abin da ka samu, abin da ya shafi gona kuma ka tsara shi tun kafin lokacin shara da kai taki, domin ba a fafe gora ranar tafiya.