Tambaya da Amsa: Takardun tambaya 500 a makarantu uku sun isa bincike?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce a wata makarantar firamare a nan Damagaram, kuma ina kammala karatu a Jami'ar André Salifou. Bincikena na ƙarshe a kan dalilan da ke sa ƴan mata barin makaranta ne tsakanin ajin CM1 da CM2, wato aji biyar da aji shida na firamare, a birnin Zinder. Na tanadi takardun tambaya 500, ina so in raba wa ƴan matan manyan azuzuwa a makarantu uku na unguwarmu, har da wadda nake koyarwa. Wani abokin karatuna ya ce sai na kai dubu. Shin 500 sun isa? Kuma yaya zan kasa amsoshin in sun dawo?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa a gama lafiya. Kin ɗauko batu mai nauyi, shi ya sa zan faɗa miki gaskiya tun kafin ki kashe kuɗin buga takardu: matsalar ba ta yawan takardun ba ce. Ko dubu biyu kika raba a waɗannan makarantu uku, ba za su ba ki amsar da kike nema ba.

Dubi su wa za ki tarar a aji ranar da za ki raba takardun. Ƴan matan da ba su bar makaranta ba ne. Wadda ta bari tana gida, ko tana talla, ko tana ɗakin miji, ko iyayenta sun ƙaura da ita. Na cikin aji za su gaya miki abin da suke zato game da ƙawayensu, kuma zato ba dalili ba ne. Don haka aikinki daga rajista zai fara. Ki nemi rajistar CM1 ta bara, ki ɗora ta a kan rajistar CM2 ta bana, suna bayan suna. Duk yarinyar da ke cikin ta farko ba ta cikin ta biyu, ki duba ko maimaita CM1 take yi. In ba ta nan ma, ita ce wadda za ki bi sawu har gida. Kuma ki tambayi wasu daga cikin waɗanda suka ci gaba da karatu, tambayoyi iri ɗaya, domin in kin tarar yawancin waɗanda suka bari suna talla, ba za ki ce talla ce ta fitar da su ba sai kin ga ko na cikin aji ma haka suke.

Sai batun makarantu uku. Mai sayen gero da yawa a kasuwar Dole ba ya tsayawa kan buhun da aka jingine a bakin rumfa. Yakan zura hannu cikin buhuna daban-daban, na gaba da na baya, don ya san irin kayan da zai biya kuɗinsu. Yaran makaranta ɗaya sun yi kama da juna: unguwa ɗaya, malamai ɗaya, sana'ar iyaye kusan ɗaya, nisan tafiya ɗaya. Yarinya ta ɗari da kika tambaya a makaranta guda ba ta ƙara miki wani sabon abu mai yawa a kan ta ashirin ba. Masana ƙididdiga suna da lissafin auna wannan asara. A ce kamannin da ke tsakanin yaran makaranta ɗaya ya kai 0.2, a ma'aunin da ya tashi daga sifili zuwa ɗaya. Za a cire ɗaya daga yawan yaran da aka tambaya a kowace makaranta, a ninka da 0.2, a ƙara ɗaya, sannan a raba jimillar yaran da abin da ya fito. Yara 500 a makarantu uku, ƙarfin shaidarsu bai wuce na yara 15 da aka zaɓo ɗaiɗai da ƙuri'a daga faɗin gari ba. Yara 250 kuwa, goma-goma daga makarantu 25, sun kai kusan 90. Rabin takardu, ƙarfi ninki shida. Kuma ko wannan 15 ɗin alfarma aka yi miki, tunda ba ƙuri'a ce ta zaɓi makarantun uku ba, kusanci da gida ne.

Abokin karatunki da ya ce sai dubu, ki ba shi labarin abin da ya faru a Amurka a 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan goma, ta samu amsa fiye da miliyan biyu, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta yi amfani da su yawanci daga littafin lambobin tarho da rajistar masu motoci suka fito, wato masu hali, kuma mafi yawan waɗanda aka aika wa ba su ma amsa ba. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai in an gwada da wancan adadi, shi ya faɗi wanda zai ci.

Ga yadda zan ba ki shawarar ki yi. Ki je ofishin inspaktan makarantun firamare da takardar gabatarwa daga jami'a, ki nemi cikakken jerin makarantun firamare na duk gundumomi biyar na birni, tare da yawan ɗaliban kowace. Ki zauna da jerin ki tantance shi, domin wata makarantar an rabe ta biyu, wata sabuwa ce ba ta kai ga CM2 ba tukuna. Daga nan ki kasa su rukuni-rukuni bisa abin da kike ganin yana da tasiri: na gwamnati, masu zaman kansu, da masu haɗa Faransanci da Larabci, sannan na tsakiyar gari kamar Birni da Zango da Sabon Gari, da na gefen gari da ƙauyukan da ke ƙarƙashin birnin. Amfanin wannan kasawa shi ne kada ƙuri'a ta tsallake miki wani rukuni gaba ɗaya. A cikin kowane rukuni sai ki zaɓa ba da son rai ba. A ce rukuni yana da makarantu 60 kina son 12: ki rubuta lamba ɗaya zuwa biyar a ƴan takardu, ki naɗe, wani ya ɗauko guda. In uku ta fito, kin ɗauki makaranta ta 3, ta 8, ta 13, haka har ƙarshen jeri. Wadda ƙuri'a ta faɗa wa, ita za ki je, ko da tana bayan gari, ko da ba ki san daraktan ba. Nan ne na ga ɗalibai da yawa suna karaya, su musanya makaranta mai nisa da ta kusa, su kuma yi shiru a cikin rubutunsu. Kada ki yi haka.

Wani abu ƙarami da ake mantawa: in kin ɗauki yara goma daga makaranta mai ƴan mata 30, goma kuma daga mai 150, kin ba ƙaramar makaranta murya fiye da girmanta. Ko dai ki ɗauki kaso ɗaya a ko'ina, misali ɗaya cikin kowace biyar, ko ki ajiye yawan ɗaliban kowace makaranta domin a gyara nauyin amsoshi lokacin lissafi. Wannan tsari na zaɓen makarantu tukuna sannan yara, shi ne wanda gwajin PASEC, mai auna karatun ɗalibai a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya bi a 2014 da 2019, wanda Nijar na cikinsa, inda aka auna ƴan farkon firamare da na ƙarshenta. Ma'aikatar ilimi kuwa, don littafin ƙididdigarta na shekara-shekara, kowace makaranta take nema ta cike takarda. Wannan ƙidaya ce, kuma ba ta faɗin dalilin da ya fitar da yarinya. Gurbin da aikinki zai cike ke nan.

Game da tambayoyin kansu, ki rubuta su da Hausa tun farko, kalma ɗaya ga kowa. In kin rubuta da Faransanci kina fassarawa a ƙofar gida, kowace uwa tambaya daban za ta ji. Kada ki ce "Aure ne ya sa kika bari?", domin kin riga kin sa mata amsa a baki. Ki ce "Me ya faru kika daina zuwa?", ki saurara. Ki gwada takardar a kan mutum goma da ba sa cikin waɗanda aka zaɓa, ki ga inda suke tuntuɓe. Ki fara gaida mai unguwa, ki nemi izinin iyaye, ki shiga da kanki ko ki tura mace, kuma ki yi ƙoƙarin samun yarinyar ita kaɗai na ɗan lokaci, don abin da za ta faɗa a gaban mahaifinta daban ne. A makarantar da kike koyarwa, in ƙuri'a ta faɗa mata, wata ta yi tambayar ba ke ba. Lamba za ki sa a takarda maimakon suna, jerin sunayen kuma ya zauna a wurinki ke kaɗai.

Yanzu batun kasa amsoshi. Kafin ki fita ki yanke abin da kike nufi da barin makaranta, ki rubuta shi. Yarinyar da ba ta dawo ba a watan Oktoba saboda ana aikin kaka, ta bayyana a Nuwamba, latti ta yi. Wadda aka mayar wata makaranta a Mirya ko Maraɗi, sauya wuri ta yi. Wadda ta koma makarantar Faransanci da Larabci tana nan cikin tsarin ilimi. Wadda ta koma makarantar allo kaɗai tana da nata gurbi daban. In kin zuba waɗannan duka a kwando ɗaya, adadinki zai kumbura, a zargi iyaye da abin da ba su yi ba. Ka'idar ita ce kowace yarinya ta samu gurbi guda, ba biyu ba, ba kuma ta rasa ba. Haka shekaru: kada ki rubuta 10 zuwa 12, 12 zuwa 14, domin mai 12 ta shiga gida biyu. Ki ce 10 zuwa 11, 12 zuwa 13, 14 zuwa sama, ki kuma buɗe gurbin "ba a sani ba" ga marasa takardar haihuwa, maimakon ki ƙiyasta da ido.

Dalilai kuwa kan zo a haɗe. Yarinya ta faɗi aji, kunya ta hana ta komawa, aka ɗora mata talla, bayan wata shida aka yi mata aure. In kin rubuta "aure" kin ɗauki ƙarshen labari kin mai da shi farkonsa. Ki tambayi watan da ta daina zuwa da watan da kowane abu ya faru, ki ware babban dalili da waɗanda suka biyo baya. In gurbin "sauransu" ya cika da yawa, ki koma ki karanta amsoshin, akwai rukunin da ba ki hango ba.

Za ki je gidaje ki tarar an tashi, ko a ƙi yi miki magana. Ki koma sau biyu ko uku a lokuta daban-daban, ki guji ranar Alhamis da mutane ke kasuwa. In ba a dace ba, kada ki maye gurbinta da ƴar maƙwabta. Ki rubuta "ba a same ta ba" tare da abin da maƙwabta suka ce, kuma a cikin rahotonki ki faɗi yara nawa kika nema, nawa kika samu, nawa suka ƙi.