Dillancin intanet daga ƙauye: inda la'ada take fitowa da inda take zubewa

Tambaya: Wani mai shagon cajin waya da ƙananan kayan sola a wani ƙauye da ke yankin Gumel ya rubuto yana cewa: "Ina samun sarari bayan la'asar da ranakun da ba kasuwa. Na ji an ce mutum zai iya tallata kayan kamfanoni a intanet a riƙa ba shi kamasho, kuma in ya gyara shafinsa Google zai riƙa turo masa mutane kyauta. Wani ya ce in biya kuɗin rajista ya shigar da ni. Gaskiya ne? Ta ina zan fara?"

Amsa: Malam, sana'ar gaskiya ce, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinka. Aikin da dillali yake yi ran Alhamis a karar Maigatari ne: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, in ciniki ya faɗa a ba shi la'ada. Kamfani zai ba ka linki mai ɗauke da lambarka. Wanda ya danna shi, za a ajiye wata 'yar alama a burauzar wayarsa, in ya sayi kaya kafin wa'adin alamar ya ƙare sai a rubuta maka kasonka. Amazon, babban shagon intanet na Amurka, ya fara nasa tsarin tun 1996. A gida shagunan intanet na Jumia da Konga ma sun fito da irin nasu, akwai kuma Selar ga masu tallan littattafai da darussan intanet.

Mu fara da maganar kuɗin rajista, don nan ake cin mutane. Manyan shagunan intanet ba sa karɓar ko sisi kafin su ba ka linki. Akwai dandalin da ke karɓar kuɗin shekara, to ka yi masa tambaya ɗaya: kuɗin da za a biya ni daga ina zai fito? In daga kayan da wani ya saya ya yi amfani da su ne, dillanci ne. In daga rajistar mutanen da ka kawo ne, su ma su kawo wasu, ka riƙe kuɗinka. Da alkawarin riba mai sauƙi da ladan kawo mutum aka ja jama'a cikin tsarin zuba kuɗi na damfara mai suna MMM kafin ta daskarar da asusu a Disambar 2016, haka aka sake gani da CBEX a Afrilun 2025. Tallan caca da na manhajojin bashin ruwa kuwa, ko nawa suke biya, ba na ba ka shawarar ka kusance su.

Sai lissafi, domin shi ne zai hana ka yaudarar kanka. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, mutum 1,000 sun karanta shafinka a wata, 80 sun danna linki, 2 sun saya. In kayan na naira 60,000 ne, la'ada kuma kashi 4 cikin 100, kowane ciniki ya ba ka naira 2,400, jimla 4,800. Cire kuɗin data ka ga abin da ya rage. Don haka tallan abin kunne na dubu biyu ɓata lokaci ne. Kana bukatar kaya masu ɗan tsada, da masu karatu waɗanda dama sun ɗaura niyyar saye.

A nan shagonka ya ba ka abin da ɗan birni ba shi da shi. Ka tsaya kan fanni guda wanda ka sani ciki da bai: ƙaramar sola ta gida da ta shago, batir, fitila, fanka mai caji, injin ban ruwa na masu noman rani. Tambayoyin da ake yi maka a bakin kanta su ne kanun rubutunka. Ka tanadi littafi, duk tambayar da aka maimaita maka ka rubuta ta yadda mai ita ya faɗa. Daga nan ka buɗe Google ka fara rubuta "farashin sola" ko "injin ban ruwa", ka dubi abin da yake ƙarasa maka da kansa, wannan shi ne abin da mutane suke nema. Ka tuna yawancin mutanenmu ba sa sa lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ a waya, kuma suna cakuɗa Hausa da sunan kaya na Turanci, saboda haka sunan da ke jikin kwali ya fito a rubutunka yadda yake.

Kada ka yi takara da manyan shafukan Turanci, ba za ka kai labari ba. Rubutun Hausa a kan irin waɗannan kaya bai yi yawa ba, kuma gajeriyar kalma kamar "sola" ba ta kawo mai saye. Doguwar tambaya ce take kawo shi: "wane fanel zai ɗauki fanka biyu da cajin waya ashirin?" Kowace tambaya shafinta daban. Sa ta a kanu, ka ba da amsa a layukan farko, sannan bayani: wat nawa, batir mai amfiya nawa, me ke kashe batir da wuri, yaya ƙurar hunturu take rage ƙarfin fanel in ba a gogewa. Ka ɗauki hoton kayan da wayarka, ka rage nauyinsa kafin ka ɗora, domin mai karatunka yana inda sabis yake rawa, kuma Google da yadda shafi yake fitowa a waya yake auna shi. Ka faɗi aibin kaya kamar yadda kake faɗin kirkinsu, ka kuma rubuta a fili cewa kana samun la'ada in an saya ta linkinka. Wanda ya saya ya ji daɗi shi zai turo maka ɗan'uwansa.

Kayan aikin ba su da yawa. Blogger, dandalin buɗe shafi na Google, kyauta ne, ya ishe ka farawa. In abin ya kankama ka sayi adireshi naka mai ƙarewa da .com.ng ka koma WordPress, wata manhajar gina shafi. Ka haɗa shafin da Google Search Console, shi ma kyauta, zai nuna maka kalmomin da aka rubuta aka same ka da shafin da Google bai ɗauka ba. Ka yi wa shagonka rajista a Google Business Profile don ya fito a taswira. Rubutu biyu masu kyau a mako sun wadatar. Sai haƙuri: Google kansa ya taɓa cewa irin wannan aiki yakan ɗauki wata 4 zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Mai ce maka zai kai ka shafin farko cikin mako guda, ko ya sayar maka da ɗaruruwan linki daga wasu shafuka, zai iya jawo Google ya binne shafinka. Kwafo rubutun wasu ma haka.

Yanzu ga inda la'ada take zubewa, kuma a karkara nan ne babbar matsala. Alamar nan tana cikin wayar da aka danna linki da ita. In magidanci ya karanta a wayarsa, sai ya ce wa ɗansa da ke Kano ya sayo, ka yi aikin banza. Wa'adi ma gajere ne: na Amazon awa 24 ne, kuma in ba ka kawo ciniki 3 cikin kwana 180 na farko ba sai su rufe asusun. Ga shi Amazon ba shi da shago a Najeriya, don haka ba da shi za ka fara ba. A shagunan gida, in mai saye ya fasa karɓa ko ya mayar da kaya, an soke kasonka. Akwai mafi ƙarancin kuɗin da sai ka tara kafin a biya ka, kuma saye ta linkinka da kanka kan jawo kora. Kaso da wa'adi suna canzawa, ka karanta sharuɗɗa da idonka, ka kuma riƙa gwada linkunanka duk wata, don kaya kan ƙare shafi ya mutu ba ka sani ba. Kafin komai ka bincika ko kamfanin yana kai kaya garinku, ko sai an je ofishin karɓa a birni.

Saboda wannan nake ganin hanya mafi dacewa da kai ita ce ka haɗa biyu. Ka sa linkin kamfani don masu karatu na birni. Na ƙauye kuma, ka nemi dila ɗaya amintacce, cikin waɗanda kake sarin kaya a wurinsu a Kano, ku rubuta yarjejeniya da shaidu: nawa ne kasonka a kowane kaya, yaushe ake biya, wa zai ɗauki asara in kaya ya lalace a motar kasuwa, kwana nawa ne garanti. A ƙarshen kowane rubutu ka sa maɓallin WhatsApp naka, oda ta biyo ta hannunka, ka rubuta ta a littafi kafin ka tura wa dila.

Kada ka taɓa jarin shago. Ka ware kuɗin data na wata shida daga ribar da za ka iya rasawa. In wa'adin ya cika ka buɗe Search Console: in masu ganin shafukanka suna ƙaruwa wata bayan wata, ci gaba ko da ciniki bai taka kara ya karya ba. In akwai masu karatu amma ba oda, kayan ko farashin za ka sauya. In rubutu arba'in ba su jawo kowa ba, tambayoyin da ka zaɓa ba su ake nema ba, sai ka koma littafin bakin kanta ka sake zaɓe.