Gwajin jini ko na yawu zai iya gano kansar baki da maƙogwaro?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Yayana ya yi wata uku da kaluluwa a wuya ba ta sace ba, an ce sai an ɗebi tsoka, shi kuma yana tsoron wuƙa. Gwajin jini ko na yawu ba zai wadatar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ba zai wadatar ba. Gwajin yawu har yanzu yana hannun masu bincike, kuma tabbatar da kansa sai an duba tsokar a madubin likita. Amma ka kwantar masa da hankali: da siririyar allura ake fara zuƙo ƙwayoyin kaluluwar, a kuma leƙa hanci da maƙogwaro da kyamara. Tsaga wuya tun ba a gano tushen ciwon ba yana dagula aikin da za a yi daga baya.

Alamomin da ake aunawa sun danganta da inda ciwon ya tsiro. In a tonsil ne (tsokoki biyun nan na gefen maƙogwaro) ko gindin harshe, ana neman furotin p16. Idan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin kansar ko fiye suka kama rinin gwajin p16 sosai, ana danganta ta da ƙwayar cutar bairas mai suna HPV, galibi nau'i na 16. Irin wannan ta fi jin magani, sai dai shan taba yana rage wannan sa'ar. A gefen harshe, dasashi ko kumatu kuwa, p16 ba abin dogaro ba ne.

In a bayan hanci ne, wata ƙwayar bairas mai suna EBV ake bi. Wannan kansar tana cikin cututtukan kansar kai da wuya da aka fi gani a Arewa, tana zuwa da kaluluwa, haɓo da toshewar kunne ɗaya, kuma sau da yawa sai a yi ta ba mutum maganin tarin fuka. A nan jini yana da amfani: ana auna DNA ɗin ƙwayar kafin a gasa kansar da haske (radiotherapy) da bayan an gasa, in bai ɓace ba haɗarin dawowar ciwon ya ƙaru. Furotin PD-L1 kuma, wanda ake dubawa a tsokar, sai ciwo ya dawo ko ya yaɗu aka fi nemansa, don sanin ko maganin pembrolizumab, mai zaburar da garkuwar jiki, zai dace.

Abin da ke yawan ɓata sakamako shi ne ajiyar tsokar. A tsoma ta nan take cikin fomalin (ruwan adana tsoka) mai ƙarfin kashi 10, wanda ya ninka girmanta sau 10, ta yi awa 6 zuwa 72. In aka bar ta ta daɗe a ruwan gishiri, tana iya lalacewa har sai an sake ɗiba.