Me ya sa Ubuntu ba ya zuwa da Times New Roman?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Zariya. Na sa Ubuntu, wani nau'in Linux da ake sawa a madadin Windows, a tsohuwar kwamfutata, tana aiki lafiya lau, amma babu salon rubutu na Times New Roman, ga shi da shi ake cewa ɗalibai su buga furojet. Mantawa aka yi, ko ni na yi kuskure wajen sawa?

Amsa: Malam, ba mantuwa ba ce, kuma kai ba ka yi kuskure ba. Maganar lasisi ce. Times New Roman da Arial na kamfanin Monotype ne, Microsoft izini ya karɓa. A 1996 Microsoft ya fara ba da su kyauta a intanet, ya daina a 2002, amma sharaɗin da ya gindaya bai tashi ba: duk mai raba su sai ya bar su a ainihin ƙunshin da aka fitar, kada ya taɓa komai, kuma kada ya nemi riba da su. Su kuwa masu haɗa Linux, abin da suka sa a faifansu so suke kowa ya iya kwafa, ya gyara, har ya sayar in ya ga dama. Ka ga hannun riga ke nan.

Sai suka bi ta bayan gida. Buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta sudo apt install ttf-mscorefonts-installer. Wannan 'yar manhajar babu salon rubutu ko ɗaya a cikinta, 'yar aike ce kawai. Za ta nuna maka yarjejeniyar Microsoft, kuma a nan mutane da yawa ke maƙalewa, domin linzami ba ya aiki a wurin. Danna Tab har OK ya yi haske, sannan Enter. Daga nan ka zaɓi Yes don amincewa, sai ta sauko da ƙunshin daga shafin SourceForge ta kwance maka. Kai ka sauke da hannunka, Ubuntu bai raba komai ba. Ka tabbatar akwai data.

Ba salon rubutu kaɗai abin ya shafa ba. Fedora, wani nau'in Linux ɗin, ta yi shekaru ba ta kunna MP3 kai tsaye, ba ta saki jiki da shi ba sai da haƙƙin ƙirƙirarsa ya ƙare a 2017.

Calibri ba ya cikin ƙunshin nan, sai dai ka sa Carlito, faɗin haruffansu ɗaya. Haka Liberation Serif yake da Times New Roman, shafi ba ya gocewa, kuma ni da shi nake yawancin aikina. Amma tunda malaman jami'a sunan suke dubawa, sa na asalin ka huta.

Tambaya: To in na kwafo su daga kwamfutar Windows a filashi fa?

Amsa: Za su yi aiki, amma lasisin Windows bai ba ka wannan damar ba, balle ka riƙa zuba wa kwastomomi. Bi hanyar da na faɗa a sama, minti kaɗan ne.