Ruwan rini da kwatar unguwa: abin da dokar Legas ke nema da yadda ake gyara ruwan kafin a sake shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da wurin rinin shadda da wanki a Agege. A rana mukan zubar da ruwa wajen lita 2,000, kuma duk kwatar bakin titi yake bi. Makon jiya jami'an muhalli suka kawo takarda cewa in daina, in ba haka ba za su rufe wurin. To unguwarmu babu bututun gwamnati na kwashe ƙazamin ruwa, ina ake so in kai shi? Wani ya ce in haƙa sokawe in riƙa turawa ciki, wani kuma ya ce in riƙa sirka shi da ruwan burtsatse har kalar ta dushe. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarwarin nan biyu babu wadda za ta fisshe ka. Amma bari mu fara da kwatar, don a nan mutane da yawa ke samun ruɗani.

Kwatar bakin titi ta ruwan sama ce. Ba ta kai ruwa wata matata. Daga ita sai babbar magudana, sai rafi, sai tafkin Legas, inda masunta ke kama kifin da ake sayarwa a kasuwa. Gaskiyarka ce cewa babu bututu a unguwarku, kuma haka yawancin birnin yake. Matatun ƙazamin ruwa na gwamnatin jiha 'yan kaɗan ne, irin na Abesan da Oke-Afa da Iponri da na sakatariyar Alausa, kuma an yi su ne don ruwan gidaje da ofisoshin da ke kewaye da su. Sai dai rashin bututu bai sauke maka nauyi ba. A idon doka, wanda sana'arsa ta gurɓata ruwa shi ke da alhakin gyara shi a cikin harabarsa kafin ya fita, babbar masana'anta ce a Ikeja ko ƙaramar marina a lungu.

Hukumar da ta fi shafarka ita ce LASEPA, hukumar kare muhalli ta jiha da aka kafa a 1996. Ita ke sa ido kan ruwan da masana'antu da wuraren sana'a ke fitarwa, tana da ɗakin gwaji, tana ba da takardar gargaɗi, tana kuma da ikon garƙame wuri. Akwai LSWMO, ofishin kula da ƙazamin ruwa, wanda ya fi mu'amala da masai da sokawe da motocin kwasar bayan gida. Dukkansu suna ƙarƙashin ma'aikatar muhalli da ke Alausa, suna aiki da dokar kula da muhalli ta jiha ta 2017. A matakin tarayya kuma akwai NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan sana'ar saƙa da tufafi da fata, rini yana ciki. Duba-gari na ƙaramar hukuma ma suna da hurumin shigowa idan ruwan ya zama abin damun maƙwabta. Don haka duba kan takardar da aka ba ka, ka ga wace hukuma ce ta rubuto, ita za ka mayar wa amsa.

Su jami'an ba kala kaɗai suke kallo ba, awo suke yi. Tun ƙa'idar tarayya ta 1991 aka tsayar da iyakoki ga ruwan da za a saki cikin rafi ko magudana: ma'aunin pH, mai nuna ƙarfin asid ko na soda a ruwa, ya kasance tsakanin 6 da 9, zafinsa ƙasa da digiri 40, ƙurar da ke yawo a cikinsa kada ta wuce miligiram 30 a lita, mai da maiƙo kada su wuce miligiram 10 a lita. Akwai kuma BOD da COD, waɗanda ke nuna yawan iskar oksijin da dattin ruwan zai cinye idan ya shiga rafi, da ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam. Ka nemi jadawalin da hukumar ke aiki da shi a yanzu, a rubuce, domin da shi za a auna ka.

Ruwan tukunyar rini kuwa, wanda aka haɗa da kostik soda da haidirosalfait, yakan kai pH 12 ko fiye. A nan shawarar sirki ta rushe. Kowane mataki ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ne, don haka sauko da ruwa daga 12 zuwa 9 da sirki kaɗai yana bukatar ninki kusan dubu. Lita 200 na ruwan tukunya zai ci lita 200,000 na ruwa mai kyau. Ko ka samu wannan ruwan, adadin sinadarin da ya shiga kwata bai ragu ko kaɗan ba, kuma masu duba muhalli ba sa ɗaukar sirki a matsayin gyara.

Sokawe ya fi sirkin muni. Aikin sokawe shi ne ya tsotse ruwa zuwa cikin ƙasa, kuma a Agege gida nawa ne ba ya shan rijiya ko burtsatse? Kala da gishiri da soda in sun sauka ƙasa ba a iya kwaso su. Idan kuma ka haɗa ruwan da ramin masai, sodar za ta kashe ƙwayoyin bakteriyar da ke narkar da bayan gida, ramin ya cika da wuri, ya riƙa wari.

Abin da ya dace da girman wurinka shi ne gyaran tanki-tanki: a tara ruwan yini, a gyara shi gaba ɗaya, a gwada, sannan a saki. Matakin farko raba ruwa ne, kuma shi ya fi rage kashe kuɗi. Ruwanka iri uku ne: na tukunyar rini, mai ƙarfi amma kaɗan, na ɗauraya, mai yawa amma sassauƙa, sai na wanki, mai sabulu da bilic. Ɗaurayar ƙarshe kada ka zubar, tara ta ka yi ɗaurayar farko ta zagaye na gaba da ita. Ruwan wankin da aka sa wa bilic kuwa ya bi hanyarsa daban, ya kwana a buɗaɗɗen tanki, kada ya taɓa haɗuwa da asid, don haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Ruwan saman kwano ma a kawar da shi daga tankunan, in ba haka ba ruwan Yuni ɗaya zai cika su ya kwarara da komai waje.

A bakin magudanar cikin gida sa raga mai ƙananan ido ta tare zare da gashin yadi, a share ta kullum. Daga nan ruwan rini da na ɗauraya su taru a tanki na farko mai cin aƙalla lita 2,500, na roba mai kauri ko ginin bulo da aka yi wa filasta mai hana yoyo. Ƙarfe ba ya jimre wa wannan aiki. A cikin tankin nan ake hura iska, kuma injin hura iska irin na masu kiwon kifi ya isa. Dalilin hurawar biyu ne. Haidirosalfait yana cinye oksijin, to gara ya ci na tankinka ya mutu a nan da ya je ya ci na rafi. Na biyu, kalar da ake rini da ita ta wannan hanya narkewa take yi idan babu iska, da ta sha iska sai ta koma gari, kamar dai yadda yadi ke fitowa daga tukunya kore-kore ya rikiɗe shuɗi a kan igiya. Kala da ta koma gari tana iya kwantawa a ƙasan tanki. A bar injin yana aiki sa'o'i da dama, ko ya kwana, har warin ya lafa kuma launin ya daina canzawa.

Sai bayan haka ake sa asid don saukar da pH, kuma jerin nan ba a juya shi. Wanda ya zuba asid a kan ruwan da bai sha iska ba zai tayar da hayaƙin salfa mai ƙona ido da maƙogwaro. Idan kuma baƙar kalar nan mai salfa ake amfani da ita, abin da zai fito iska ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kashe mutum a rufaffen wuri. A sayi asid daga masu sayar da sinadaran masana'antu, a sirka shi ta hanyar zuba asid cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba, da safar hannu da tabarau. Ruwan tsohon batir bai halatta ba ko da kyauta aka ba ka, dalma ce a cikinsa. Ana zubawa kaɗan-kaɗan, ana juyawa, ana tsoma takardar gwajin pH. A tsaya idan an kai 8 ko ɗan ƙasa da haka, saboda alam ɗin da za a sa nan gaba shi ma zai ƙara saukar da shi.

Alam shi ke tattara ƙurar kala ta dunƙule ta nitse. Yawansa ba a ƙiyasta shi da ido, gwadawa ake yi, kuma gwajin ba ya bukatar ɗakin gwaji. Narkar da giram 10 na alam a lita ɗaya na ruwa mai kyau, kowane mililita yana ɗauke da miligiram 10 ke nan. Jera gorori biyar masu haske, kowace da lita ɗaya na ruwan tankin. Da sirinji zuba mililita 10 a ta farko, 20 a ta biyu, sai 30, 40, da 60. Girgiza kowace da ƙarfi minti ɗaya, ka juya ta a hankali minti goma, ka ajiye rabin sa'a. Gorar da samanta ya fi washewa da mafi ƙarancin alam ita ce ma'auninka. In ta mililita 30 ce, to giram 300 za ka sa wa kowace lita 1,000. Zarce ma'auni ba ya ƙara tsabta: pH zai faɗi ƙasa da 6, dunƙulen ya watse, ruwan ya sake gurɓacewa, lakar kuma ta ƙaru. Duk ranar da aka canza nau'in kala a sake gwajin.

A tankin ma haka za a yi: juyi mai ƙarfi na ɗan lokaci, juyi a hankali, sannan a kashe komai a bar shi sa'a uku zuwa huɗu. Famfon fitar da ruwan sama ya kasance kamar santimita 30 daga gindin tanki, na fitar da laka kuma a can ƙasa. Kuskuren da yara ke yawan yi shi ne buɗe famfon gaba ɗaya don sauri, sai ƙarfin ruwan ya tayar da lakar ya fita da ita. Ruwan saman ya ratsa durom mai tsakuwa a ƙasa da yashi mai kauri a sama. Gawayin girki yana ɗan taimakawa, amma gawayin tace ruwa da ake sayarwa musamman shi ke kama ragowar kala. Daga nan ya faɗa ƙaramin akwatin siminti mai murfi kafin ya bar harabarka. A nan jami'i zai ɗebi samfur, kai ma a nan za ka riƙa gwadawa.

Lakar da ta kwanta ita ce dattin da ka cire, don haka in ta koma kwata aikin banza aka yi. A yi mata ɗan fili mai katanga, tsakuwa a ƙasa, yashi a sama, da rufin kwano saboda damina. A zuba ta kada kaurinta ya wuce santimita 20, ruwan da ya tsane ya koma tanki na farko. In ta bushe a ɗura a buhu, a miƙa wa mai kwasar da ke da rajista da LAWMA, hukumar kwasar shara ta jiha, a gaya masa ko mene ne. Ba taki ba ce, kada a ba masu lambu. Kuma kowane irin dalili, kada yaro ya shiga cikin tanki don wanke shi, daga sama ake yi da dogon buroshi.

Wannan tsari yana gyara pH, yana cire ƙura da yawancin kala, amma yana da iyaka. Ba ya cire gishiri. Kalolin da ake rina auduga da su da gishiri da soda, masu narkewa sarai a ruwa, alam ba ya kama su sosai. Sitaci da sabulu kuma sukan bar BOD da yawa. Sakamakon ɗakin gwaji ne zai nuna maka inda ka tsaya. A ɗebi samfur daga akwatin ƙarshe a ranar aiki sosai, a kwalba mai tsabta, a sa cikin ƙanƙara, a kai a ranar. In sakamakon bai kai ba, hanya biyu ce: a ƙara tankin da bakteriya za su ci ragowar dattin tare da hura iska, wanda ke bukatar ƙwararre ya tsara, ko a ware ruwan tukunya kaɗai a tara shi, mota mai lasisi ta kwashe zuwa inda hukuma ta amince. Tunda na tukunyar bai fi kashi ɗaya cikin goma na ruwanka ba a yawancin marina, hanya ta biyu takan fi araha. Idan akwai wasu marina kusa da kai, haɗa kuɗi a gina wuri ɗaya ya fi kowa ya yi nasa.

Game da takardar da ke hannunka, kada wa'adinta ya cika ba ka ce komai ba. Rubuta amsa, ka faɗi yawan ruwan da kake fitarwa, sinadaran da kake aiki da su, zanen tankunan da za ka gina da ranar da za ka gama, ka nemi ƙarin lokaci da kuma bayanin izinin da ake bukata. Ka kai da kanka ofishin da ya rubuto, a buga maka hatimi a kwafinka. Kafin ginin ya kammala, toshe hanyar ruwan tukunya zuwa kwata tun yau, ka riƙa tara shi a durom. Duk kuɗin da aka ce ka biya, a ba ka takardar biya ta gwamnati ka biya ta banki, ka riƙe rasit. In haya kake, sanar da mai gida a rubuce kafin a fara haƙa. Sannan ka ajiye littafi guda a wurin: kwanan wata, pH kafin gyara da bayansa, alam nawa aka sa, buhun laka nawa aka fitar, wace mota ta kwashe da lambarta. Shi jami'i zai fara nema in ya dawo, tare da sakamakon gwaji na baya-bayan nan.